Kunkurun Gaske da na Bogi

Tun yana saurayi yake ɗora ƙarfe a wuta yana buga tambarin kunkuru a ƙasan duk takalmin da ya ɗinka, har sunansa na yanka ya ɓata, yaro da babba sai Mai Kunkuru. Takalminsa ba na gayu ba ne, amma sai ƙafa ta gaji da shi ta bar wa ƙani. Da sunan nan ya ci, ya sha, ya aurar, ya ɗauki ma'aikata.

Rannan sai ga wata mata ta faɗo shagon ko sallama babu, ta dangwara takalmi a kan teburin yankan fata, gabansa ya ɓalle ya wangame kamar bakin kifi.

"Ko sati bai yi ba! A shafinku na intanet na saya."

Ya juya shi. Ga kunkuru kam, amma fenti ne, ba ƙunar ƙarfe ba. Ya sansana, roba ce da gam.

"Baiwar Allah, wannan ko a mafarki ban ɗinka shi ba."

"To kunkurun fa? Shi ya kawo kansa?"

Auta, 'yarsa da ke riƙe da shafin shagon a waya, ita ta tono zancen. Wani ne ya buɗe shafi da sunansu da tambarinsu, ya zuba hotuna sai ƙyalli suke, mabiya kamar tururuwa. Nasu na gaske kuwa, hotunan da Mai Kunkuru ya dage a sa ne: tsofaffin takalman da suka shekara suna shan ƙasa, sai shi a tsaye da singileti, riƙe da guduma. Wai mutane su ga ƙarko.

Kafin ya gama haɗiye wannan, mai kanti ya kira, wanda shi ke kwashe rabin abin da shagon ke ɗinkawa.

"Mai Kunkuru, mutane na kawo min na jabu suna zagin iyayena. Ko ka sa a rufe shafin nan, ko in sauke kayanka. Ni takalmi nake sayarwa, ba rigima ba."

Auta ta kai ƙorafi ga kamfanin da ke kula da shafukan. Amsa ta dawo wai an duba, shafin bai saɓa wa ƙa'ida ba. Ta sake, aka maimaita mata, ko wasali bai canja ba.

"Ba ni lambar mai wurin," in ji uban.

"Baba, ba mutum ba ne ke amsawa, na'ura ce."

"Ita na'urar ba ta da uban gida? Ina ofishinsu?"

Nan fa gizo ke saƙa. Shi mutum ne da ya san ofis. Ya san yadda ake samun benci a zauna a ƙofar manaja har ya gaji da ganin fuskarka ya sa hannu. Amma a ce wuri ba ƙofa, ba benci, ba masinjan da za ka tambayi lafiyar iyalinsa? Ɓarawo na cin sunanka da rana tsaka, ka rasa ko rigar da za ka riƙe.

Auta ta ce ta ji in mutane da yawa suka kai ƙara, a kan waiwaya. Sai ga tsoho ya gyara zama. Jama'a? Ai in ana maganar jama'a, a bar masa. Ya karɓi wayar, ya danna saƙon murya zuwa zauren dangi da na ma'aikata:

"Duk wanda ya taɓa taka takalmina kyauta, yau ranar biya ce. Ku nemi shafin Kunkuru, guda biyu ne. Na ɓarawon za ku kai ƙara. Ku gaya wa maƙwabta."

"Baba, tsaya in tura musu adireshin shafin, kada su rikice."

"Jinina ne fa! Su kasa gane nawa? Bar shi."

Dangi suka yi zumunci, ba laifi. Washegari da hantsi Auta ta shigo shagon, fuska ba annuri, ta ajiye masa wayar kusa da kwalbar gam.

"An rufe."

"Alhamdu lillahi!"

"Namu aka rufe, Baba."

Ya dube ta, ya dubi wayar. Ya kira yayarsa, wadda in ta sa baki a abu sai an yi.

"Yaya, kin kai ƙarar?"

"Ni da 'ya'yana da jikoki, har matar mai gidan haya na sa. Ai ba mu kwana da shi ba."

"Wanne kuka kai?"

"Na matsiyacin mana! Ya jera ruɓaɓɓun takalma don ya zubar maka da mutunci. Har ya samo wani hotonka da singileti, kamar wanda gobara ta koro. Na ce Allah ya isa."

"Yaya, ni na sa hoton."

Ta yi salati.

"To kai ma dai, ɗan nan, da furfurarka? Wa zai ga wannan ya ce na mai arziki ne?"

Ya kashe wayar. Ba wanda zai zaga; kowa ƙaunarsa ya yi.

Da la'asar motar mai kanti ta tsaya a ƙofa, direba ya sauke kwalayen takalman Mai Kunkuru ya jera a bakin shago, ya isar da saƙo: an duba, shafi ɗaya ya rage, kuma ba na Mai Kunkuru ba ne. In an gyara a yi magana.

Tsoho ya sa Auta ta rubuta a ƙarƙashin wani hoto a shafin ɓarawon cewa shi ne mai tambarin nan, kuma Allah na gani. Ba a jima ba amsa ta zo, cikin ladabi: "Mun gode, Baba. A yi hattara da masu kwaikwayonmu, yau ma an rufe guda."

Ya daɗe zaune a kan kwali, yana murza tsohuwar ƙunar da ke babban yatsansa. Ma'aikata suka rage ƙarar guduma.

"Akwai ɗaukaka ƙara," in ji Auta a hankali. "Amma suna son hotonka riƙe da katin shaida, su tabbatar kai ne kai."

"Ni ne zan kawo shaidar ni ne ni. Shi ɓarawon wa ya tambaye shi?" Ya yi tsaki, ya miƙe, ya tsaya jikin bango. "Ɗauka."

Ta ɗaga wayar, ta sauke.

"Baba, don Allah sa riga tukun."

Ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi kwalayen da ke ƙofa. Ya miƙa hannu ya zaro rigar daga ƙusa.