Barkonon Inna Ya Sha Ruwa

Tsahara ta wurga taɓarya sama, ta tafa hannu, ta cafe ta kamar budurwa. Furfura ta fara leƙowa ta ƙarƙashin kallabinta, amma tun da aka kira ta a salula aka ce 'yarta Mansura ta sauka lafiya, namiji, bakinta ya ƙi rufuwa. Jikan fari ne. Gobe suna, yau kuma za ta kai yajin jego gidan surukai a Sabon Gari.

Yajin nan ta riga ta cika baki a kansa. A gaban matan gidan Alhaji da zobbansu na zinari ta dubi Hajiya Maijidda, surukar Mansura, ta ce, "Hajiya, yaji ku bar mini. Barkonon Innarmu ne na Tsibiri. In bai sa ki hawaye ba, ki sake mini suna." Su masu hali ne, komai suka so za su aika a sayo. Wannan kaɗai take da shi wanda babu a kasuwa.

Ta zuba citta da kanumfari da kimba, tana daka tana waƙa, sai can ta tsaya. Duk ranar da ta daka barkonon Inna, maƙwabta kan yi ta atishawa ta bayan katanga suna yi mata tsiya, kaji su watse. Yau unguwa tsit, ga kaza tana kiwo a gindin turmi hankalinta kwance. Ta lakato ta ɗanɗana. Ƙamshi akwai, launi ja zur, zafi kuwa ko jariri ya lasa ba zai ɓata fuska ba.

Bayan rasuwar Inna ita ta ba ƙanenta Sallau irin ya shuka a fadamarsa ta Jiratawa. Da ya kawo mata buhu guda, manya-manya masu ƙyalli, har guɗa ta yi, ta shanya ta ajiye ba ta ko taɓa da harshe ba. Ta ja mayafi ta tare babur ɗin haya, kabu-kabu.

Ta iske shi injin ban ruwa na ta ƙugi, yana tsaye cikin taɓo tsakanin zogale da kunyoyin barkono kore shar.

"Sallau, mi ka yi da irin Inna? Tattasai ka shibka mini?"

"Yaya, barka da jika dai tukuna."

"Barka kadai. Ina irin?"

"Ga shi nan gabanki. Wallahi wanda kika ba ni cikin ƙullin tsumma ne, ban haɗa shi da komi ba."

Ta duƙa ta duba. Ganyen na Inna ne, 'yar lanƙwasar bakin ma tana nan, sai dai kowane ya yi ƙiba kamar ɗan gata. Sallau ya tsinko ɗaya ya tauna, ya jira, ya sosa ƙeya.

"To, malamin gona ya taɓa hwaɗa muna, ban ɗauka ba. Ya ce zahin yana nan cikin irin, amma sai ya sha rana da ƙishi yake hiddo shi sosai. Wanga ko, sahe ruwa, marece ruwa, ga taki."

"Ashe sangarta shi ka yi."

"Gata na yi mishi, Yaya."

Ta so ta yi faɗa, dariya ta ƙwace mata. Ta tuna Inna, wadda ba ta taɓa ba barkononta komai ba sai ruwan wankin kwanoni, shi ma in ta tuna. Dama haka Inna ta reni 'ya'yanta. Tsahara ta koma kan moto ta ce wa mai kabu-kabun, "Tsibiri. Kuma ka sake shi, ba ƙwai ka ɗauko ba."

Suka ratsa Maraɗi mayafinta na tashi sama, tana yi wa masu amalanke barka da rana ba gaira ba dalili. A bayan tsohon ɗakin Inna, cikin rairayi, ta tarar da barkonon: sun fito da kansu da damina, ruwa ya ɗauke ya bar su, ganye duk ya zube, 'yan ƙananan barkono sun bushe a jikin uwarsu. Ta ciji guda. Kunnuwanta suka yi dum, hawaye ya ɓalle, ta zauna daɓas a ƙasa tana tari tana dariya tana yi wa Inna addu'a.

Tafin hannu biyu ta samu, ta koma gida ta zuba kan na turmi. Kafin la'asar maƙwabciyarta ta yi atishawar farko, Tsahara ta amsa mata da guɗa.

A Sabon Gari, Hajiya Maijidda ta buɗe kwanon da kanta, ta ɗan dangwala don kunya. Ta goge ido da bakin mayafi, ta miƙa hannu tana neman ruwa.

"Sunana na nan, Hajiya?"

"Yana nan, Tsahara. Ki rufe abin nan."

Aka miƙo wa Tsahara jikan. Ga kumatu, ga fanka na kaɗa masa, yana barci abinsa. Goshinta ne sak, har da 'yar tamƙewar gira, wadda duk Tsibiri ta sani tun tana yarinya mai dambe a bakin rijiya. Ta daɗe tana kallonsa, tausayi ya kama ta, ba ta san ko na wa ba.

Mansura, wadda ko kaza ba ta iya kora da tsawa, ta ce, "Mama, kowa cewa yake ke ya biyo. Kina jin zai yi zahin ranki?"

"Yana nan cikinshi," in ji Tsahara.

Yaron ya motsa baki yana lalube. Ba ta jira ya yi kuka ba, ta ɗora shi a cinyar uwarsa.

"Ba shi ya sha. Ki bar shi sai ya ƙoshi."