Baƙin da Suka Zo Cikin Kainuwa

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina sayar da banda a Kasuwar Kifi ta Baga Road. A sanina, wurin kifi uku ne: ruwa, kan wuta, sai tukunya. Shi ya sa ranar da 'yarmu Rumaisa'u ta sauke akwatin gilashi daga keke, ta cika shi da ruwa, ta zuba jajayen kifaye bakwai waɗanda ko miyar mutum ɗaya ba za su yi ba, na ce mata aikin yi ta rasa.

Ta ce, "Baba, ba naka ba ne. Na Hajja ne."

Hajja ita ce uwarta, matata Halimatu Sadiya. Wata biyar ke nan da ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ƙafa ta soma dawowa, magana ma ta dawo, hannu ne ya ƙi. Likita ya ce hannun bai mutu ba. In tana motsa shi, ko da riƙon cokali ne, zai farfaɗo. In ta bar shi, zai bushe. Sau ɗaya ta gwada, kunu ya zube mata a zane a gaban 'yan dubiya. Tun ranar ta ɓoye hannun cikin mayafi, ta juya fuska ga bango. Matar da ta ciyar da rabin layinmu a unguwar Jiddari Polo, ita ake ba abinci a baki, ta karɓi loma biyu ta ce ta ƙoshi.

Kifayen nan ne suka juyo da ita. 'Yar Doron Baga ce, a bakin tafki aka yanke mata cibiya. Sai ta wuni tana kallonsu, har da ba ni umarni: "Alhaji, ƙara musu. Wancan na ƙasan bai samu ba." Wata safiya ta ce ruwan tsirara yake, kifi kuwa yana son inuwa. Na ɗauki bokiti na gangara kogin Ngadda, na ɗebo kainuwa da saiwarta, na zuba a kan ruwan ko wankewa ban yi ba. Ranar ta yi murmushin da na yi wata biyar ban gani ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Bayan mako uku sai ga ƙananan katantanwa a jikin gilashin, kamar an watsa ƙwayar gero. Na goge su da tsumma, bayan kwana biyu suka ninka. Ruwan ya yi duhu, wata safiya kifi ɗaya ya taso ciki sama. Hajja ta daɗe tana kallonsa, sannan ta koma ta fuskanci bangonta.

Mu 'yan kifi maganinmu ɗaya ne. Na ɗebo gishiri cike da kwano zan juye, sai maƙwabcina Malam Pindar ya yi sallama. Mutumin Biu ne, tsohon malamin kimiyya, duk Lahadi daga coci yakan biyo ya gaida Hajja.

Ya dubi kwanon ya ce, "Alhaji Ya'akubu, su ma bandar za ka yi da su?"

"Ƙwarin nan zan kashe."

"Za su mutu, kifayen su bi su. Garin neman gira ke nan." Ya ɗaga kainuwar da tsinke, ya nuna mini ƙwai a maƙale a saiwarta kamar majina. "Wa ya kawo wannan?"

Na ce, "Kainuwa ai dashen Allah ce."

"Wannan kam dashen Alhaji ce. Sau nawa ake ba kifayen abinci?"

Na ce sau uku. Ya ci gaba da kallona. Na ce to, bayan sallar asuba nakan ɗan murza musu garin banda, don abincin kanti ba ya riƙe ciki. Dariya ya yi har da riƙe gefen kujera. Ya ce ba katantanwa ce ta kashe kifin ba, karamcin gidanmu ne. Ragowar abinci ke ruɓewa a ƙasa, ya ɓata ruwa, su kuma baƙin su ci su hayayyafa. Ya ce a fitar da kainuwar, a rage abinci zuwa sau ɗaya, a sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwan. Sannan a tsoma ganyen kabeji a ruwan zafi, a sa shi cikin akwatin da magariba, da safe a ciro shi da duk waɗanda suka taru a kai. "Amma kada kowa ya sa hannu tsirara. Na kogi ne, suna iya ɗaukar tsargiya. A yi da cokali."

Na ce in na ciro su, agwagin gidansa sun samu karin kumallo.

Sai muka ji muryar Hajja daga gadonta. "'Yan'uwana ma haka suka shigo garin nan lokacin gudun hijira, maƙale a bayan motar kifi, ba wanda ya gayyace su. Ka kore su?"

Ban kore su ba. Mutum goma sha tara, shekara biyu a tsakar gidan nan. Na je na wanko tsohuwar randar da ke gindin darbejiya, na zuba ruwa da kainuwar a ciki don katantanwar su samu masauki.

Da safe ganyen ya fito baƙi ƙirin da su. Na ɗora shi a faranti kusa da gadonta, na soma kankarewa cikin kwanon ruwa. Na fasa biyu.

"Hannun kasuwa," in ji Hajja. "Ba ni nan."

Ta karɓi cokalin da hagu. Duk ta taɓa, sai ganyen ya zame, ya yi ta zagaya farantin.

"Riƙe min, Alhaji."

Allah ya sani raina ya so in riƙe. Amma na ce idona ba ya ganin ƙananan abubuwa, na ajiye mata wani cokalin ta gefen dama, na ce, "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." Na juya baya ina ta gyaran randar da ba ta buƙatar gyara.

Na daɗe ina jin ƙarar cokali ɗaya a kan faranti. Can sai ƙarar ta zama biyu. Da na saci kallo, hannun ya fito daga mayafi, ya danne gefen kabejin da cokali. Cokalin ya faɗi sau uku, sau uku tana ɗauka. Ranar ta kwashe talatin da shida, ba ta fasa ko ɗaya ba.

Kwana tara muna yi. Gilashin ya yi haske, kifaye shida suka dawo da wasansu. A rana ta goma ganyen ya fito da guda huɗu kacal, na ga ta dube shi kamar an rage mata albashi. Da hannun dama ta kwashe su.

Rumaisa'u ta shigo da kunun gyaɗa, ta zauna za ta ba ta a baki. Hajja ta kau da kai.

"Ajiye nan. Wanko min cokali mai tsabta. Ku kuma ku daina kallona."

Muka juya ga kifayen ni da 'yata. A jikin gilashin ina ganin komai. Kunu kaɗan ya ɗiga a zanen, ba ta ko dube shi ba.