Fim ɗin Maigidana

Maigidana mai hoto ne, shekara da shekaru. Da ya rasu na tarar da tsohuwar kyamararsa a durowa, da fim a cikinta ba a wanke ba. A garinmu babu sauran mai wanke fim, kowa ya koma waya. Autata ta ce a garin da take aure akwai wani dattijo mai yi, ta zo ta ɗauke ni mu hau jirgi.

A filin jirgi aka ce mu zuba komai a tire. Na cire takalmi, na cire awarwaro. Kyamarar kuwa na riƙe ta a ƙirji, don na sha jin maigidana yana cewa na'urar nan ta binciken kaya tana cin fim. Auta ta roƙi jami'in ya duba da hannu. Ya karɓa yana jujjuya ta.

"Ina wurin kunnawa, Mama?"

"Ba a kunna ta, ɗan nan. Duba duk inda kake so, amma kada ka buɗe bayanta."

"Me kika ɓoye a ciki?"

"Haske nake ɓoye mata."

Ya yi dariya, abokin aikinsa ya taya shi. Kafin in rufe baki ya ja maɓalli, murfi ya buɗe a ƙarƙashin fitilun nan masu kashe ido. Na kai hannu na rufe da ƙarfi, har na datse masa yatsa. Nan magana ta juya, wai na ji wa ma'aikaci ciwo. Auta tana ba da haƙuri tana jan mayafina, jirgi zai tashi. Na bi ta, amma na haddace fuskarsa.

Dattijon ya wanke. Hotunan farko sun tsira, don suna can ƙuryar naɗi: bikin wasu da ban sani ba, da wani mutum jingine da sabuwar motarsa. Na ƙarshe, waɗanda maigidana ya ɗauka a gida yana jinya, sun ƙone ƙurmus. A lokacin yakan ɗaga kyamarar daga kan gado ina shara ko ina ninke kaya, in ce ya bari in gyara ɗaurina, ya ce ai ya riga ya ɗauka, zan gani.

Da na dawo filin jirgin garinmu ban wuce gida ba, ofishin shugaban masu binciken kaya na nema. Ya ba ni kujera, ya ce shayi ko ruwa. Na shimfiɗa masa baƙin fim ɗin a tebur.

"Ɗaga shi sama ka faɗa mini abin da ke ciki."

"Ba komai, Mama."

"To kira wanda ya mai da shi ba komai."

Aka kira shi, ya shigo da filasta a yatsa. Shugaban ya ce dokar aiki ta ba shi damar buɗe kaya. Na ce na ji, dokar ce ta ce ya yi dariya? Yaron ya sunkuyar da kai, can ya zaro wayarsa.

"Ki yi haƙuri, Mama. Bari in ɗauke ki wani hoton, mai kyau."

"Mai da wayarka aljihu. Ina da madubi a gida."

Shugaban ya tambayi abin da nake so a yi. Na ce yaron ya faɗa da bakinsa cewa na hana shi, ya ji, ya buɗe. Ya dubi shugabansa, shugaban ya dubi tebur.

"Kin hana ni, Mama. Na ji. Na buɗe."

Na naɗe fim ɗina na sa a jaka, na tambaye su ta ina ake fita.