Takalman Eskil

A garinmu na masu saran katako, idan kogi ya ci mai koro gumagumai, takalmansa masu ƙusa ake ratayewa a bishiya, a gaɓar da ya baro. Ko mashayi ba ya taɓa su. Na Eskil sun shekara biyu a rataye sa'ad da 'yan fim ɗin kaboyi suka dira, da jirgin ruwan 'yan cacarsu na bogi, na falanki da fenti.

Mai kula da suturarsu ya hango takalman, ya ce ga tsufa na gaskiya, ya sauko da su. Rashin sani ya fi dare duhu. Aka yi ta ɗaukar jarumin fim ɗin sanye da su, yana raba karta yana busa taba, kafin Halvor, wan marigayin, ya gani.

"Kai mai hula," ya ce wa daraktan, "cire wa ɗan gayun nan takalman ƙanena."

"Haba dattijo, saura fitowa ɗaya! Ya ƙetare kogi a kan gumagumai, mu ba ka kayanka har da man gogewa."

"Wannan? Ko a kan gada tangaɗi yake. Kogin nan ya ci mutum ɗaya a cikin takalman nan, ya isa."

"To hau a madadinsa mana. Ta baya za mu ɗauka. Amma fa da su, don su ne 'yan kallo suka sani."

A wurinmu, sa takalmin wanda ruwa ya ci kiran ajali ne, ni kam tsoro ya kama ni. Halvor ya zauna ya ɗaure su, duk da sun matse shi.

Ya bi gumaguman ɗaya bayan ɗaya. A tsakiya, inda Eskil ya zame, wani gungume ya juya da shi. Ya yi taga-taga, ƙusoshin suka kama, ya wuce. Da ya taka ɗaya gaɓar sai ya kwance takalman ya rataye su a wata bishiya a can.

"Dawo da su, mu sake ɗauka!" in ji daraktan.

Halvor ya zagayo ta gada, ƙafa ba takalmi.

"A can za su zauna," ya ce. "Dama can ɗin Eskil ya nufa."