Ampilin Mutari

Duk wanda ya zauna Damagaram kafin yunwar tamanin da huɗu ya san orkes ɗin Suma'ila, masu kiɗan biki da wasan Samariya, ƙungiyar matasa, daga unguwar Zango har ta Birni. In ka san orkes ɗin kuwa ka san Mutari, dogon nan mai gita bas, wanda ba ya murmushi in yana kiɗa, sai ka ce bashi ake binsa. Ɗan wani ƙauye ne a bayan Gafati. A cikin noma aka haife shi, noman kuma ya tsere wa.

Shekarar ƙarshe da gyaɗa ta yi masu kyau, wansa Dodo ya raba abin da mahaifinsu ya bari. Mutari ya karɓi nasa, har da ɗan bijimi, ya mayar da su kuɗi, ya hau mota sai Kano. Abin da ya dawo da shi ne ya sa makaɗan gari suka daɗe suna gardama.

Masu bas, ka sani, kowa da irin haukarsa. Wani zai zuba duk abin da ya mallaka a kan gitar, ja mai walƙiya, don 'yan mata su gani, sannan ya riƙa bin mai orkes yana roƙon inda zai jona waya. Wani kuma fedal ce ciwonsa, 'yan akwatunan nan da ake takawa da ƙafa su canza muryar kiɗa, ya jera su a gabansa kamar mai tallar ashana. Mutari ya ce shi ba ruwansa da wannan shirme. Bas ba ta da murya ta kanta. In ba a jona ta da ampili ba, ko wanda ke zaune kusa da kai ba zai ji abin da kake kaɗawa ba. Saboda haka ya sayi gita ta hannu, wadda wuyanta ya ɗan karkace, ya sayi fedal ɗaya tak don kada a ce ba shi da ita, sauran kuɗin kuwa, har da na bijimin, ya juye su kan ampili. Wani ƙato baƙi, sai mutum biyu sun kama ake ɗaga shi. In Mutari ya taɓa tsirkiya, ƙirjinka ke fara ji kafin kunnenka.

"Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni," haka yake ce wa masu yi masa tsiya. Kuma gaskiyarsa ce. Duk Damagaram shi kaɗai ne mai bas da ba ya aro. Yana son akwatin nan so na fitar hankali, har zane ya saya masa na rufewa.

To, sai ruwa ya ƙi. Damina ta zo ta wuce kamar ba ta zo ba, rani ya yi tsawo, mutanen karkara suka fara cika bakin gari da jakunansu da tabarminsu. Biki ya ɗauke ƙaf. Wa zai kira orkes alhali farashin tiyar hatsi kullum sai ya hau? Wanda ya ɗaura aure ma sai ya raba goro a zaure, a yi fatiha, kowa ya kama gabansa. Ga iyakar Najeriya a rufe, ko tsirkiya ba ta shigowa daga Kano. Mutari ya koma dafa tsofaffin tsirkiyoyinsa a tukunya don dauɗar ta fita su ƙara kwana, a garin da ruwan sha ma sai ka bi 'yan ga-ruwa da lallashi.

Ana cikin goman ƙarshe na azumi, da la'asar, Dodo ya yi sallama a ƙofar ɗakinsa. Mutari bai gane shi nan take ba. Mutum ne mai jiki a da, yanzu riga ce kawai ke tafe da shi. Suka gaisa, ya tambayi mutanen gida, Dodo ya ce lafiya lau, irin lafiya lau ɗin da kowa ke faɗi a shekarar nan.

"Mutari, ba abinci na zo roƙo ba," in ji Dodo. "Anza muke ci da dusa, kuma muna nan da rai. Iri nake so. Mun yi binne, yayyafi ya tsirar da shi, rana ta ƙone. Muka sake, ta sake ƙonewa. Yanzu ko zangarniya ɗaya babu a rumbu."

"Subhanallahi. Har wanda Baba yake ratayewa a ɗaka?"

"Shi ne na biyun. Ka ji ni da kyau. So nake irin ya kasance a ɗakina kafin ruwa ya sauko. Kai ɗan manomi ne, ka san ruwan shuka ba ya jiran kowa. Yau ya sauka, gobe a shuka, jibi ƙasa ta sha iska. In ya same ni hannu wofi, shekarar ta tafi."

Bai ce a sayar da komai ba. Ya dai kalli abin da ke rufe da zane a kusurwar ɗaki, ya kawar da kai. Wannan kallon ya fi zagi ciwo.

Washegari Mutari ya saɓa gita, ya sa fedal a aljihun riga, ya nufi kasuwar Dole wajen Idirisu mai gyaran rediyo, wanda ke dillancin irin waɗannan kaya. Fedal ya fara miƙawa. Idirisu ya juya ta, ya taka, ya ce, "Wannan ta keken ɗinki ce ko ta me?" Mutari ya miƙa gita. Idirisu ko karɓa bai yi ba.

"Haba Mutari! Masu gita uku sun riga ka, ga nasu can rataye suna shan ƙura. Wa zai sayi katakon da ba ya magana? Kawo ampilin. Akwai wani alhaji da ke neman irinsa don masallacin unguwarsu, ya sa masa lasifika. Ka kawo yau, ka tafi da kuɗinka yau, su ishe ka iri har da guzuri."

Ka ji fa. Abin da zai iya rabuwa da shi ba mai so, abin da ake so kuma shi ne ransa. Mutari ya fito daga rumfar da kayansa a hannu. In ampilin ya tafi, shi da kiɗa sun rabu ke nan, don ya san ba zai sake haɗa kuɗin irinsa ba har abada.

A hanya ya gamu da Suma'ila, shugaban orkes, mutum mai bakin da zai sayar maka da rana tsaka. Ya ji labari, ya kama hannun Mutari.

"Kada ka kuskura! Sallah saura kwana nawa? Akwai wani attajiri a Zango da ya ce lallai sai mun yi masa wasa a ƙofar gida. Liƙin da za a yi mana kaɗai ya sayi irinka, ampilinka na nan a ɗakinka. Ka sayar yau, ranar Sallah mu yi kiɗa da me? Da bakinka?"

Maganar ta zauna wa Mutari daram, don ita yake so ya ji. Ya koma gida ya ce wa wansa, "Yaya, ka yi mini haƙuri zuwa Sallah. Da an sauko daga idi da kwana ɗaya, ni da kaina zan kawo maka."

Dodo ya ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya, Mutari."

"Sama fa wayam take, Yaya. Dubi, ko gajimare babu."

"To. Allah ya kai mu." Ya ɗauki sandarsa. Ko buɗe-baki bai tsaya yi ba, ya kama hanyar Gafati da ƙafa, da azumi a bakinsa.

Mutari ba mugu ba ne, kada a ɗora masa abin da bai yi ba. Yana son wansa. Wauta ce irin ta mai sana'a, wanda ke ganin in ya ƙara yini ɗaya zai tsira da duka biyu. Amma wallahi wautar ta yi yawa. Ɗan manomi, wanda ya yi shuka da ƙafarsa tun yana ƙarami, shi ne zai tsaya yana yi wa sama lissafi!

Ranar jajibere da rana suna gwaji a gidan Suma'ila, sai iska ta juyo da sanyi. Mutari ya ɗaga kai. Gabas ta yi baƙi ƙirin, hadari ya tokare ƙasa daidai wajen Gafati, ana hango walƙiya a cikinsa. A Damagaram ko ɗigo bai sauka ba, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa kawai iska ta kawo. Yatsunsa suka tsaya a kan tsirkiya. Ko a lokacin, da ya ɗora akwatin a amalanke ya ruga wajen Idirisu, da wataƙila ya cim ma wani abu. Suma'ila ya daka masa tsawa ya ce bas ta yi shiru. Sai Mutari ya ce wa ransa hadarin bana duk ƙarya ne, iska ce za ta watsa shi, ya ci gaba da kiɗa.

Attajirin Zango kuwa, ranar Sallah ya aiko cewa a yafe shi. Ƙofar gidansa cike take da mayunwata, ba zai iya sa a yi masa kiɗa a kansu ba. Orkes ta koma filin Samariya. Jama'a sun zo, ba laifi, sun tsaya sun yi kallo da tsofaffin rigunansu, yara sun yi rawa. Mutari bai taɓa kiɗa mai daɗin na ran nan ba, kuma ba wanda ya sa hannu a aljihu, don babu abin da hannun zai tarar. Da aka raba abin da aka samu, nasa ko cefanen yini bai kai ba. A nan filin wani direba ya gaya masa cewa bayan Gafati an sha ruwa kamar da bakin ƙwarya, kowa yana gona.

Da gari ya waye ya ɗauki amalanke ya kai ampilin kasuwa. Rumfar Idirisu a rufe, ya tafi yawon Sallah garinsu. Mutari ya yi ta zarya kamar mahaukaci. Ranar da Idirisu ya dawo, alhajin masallaci ya riga ya sayi wani a wajen wani, sai da aka yi ta magiya kafin Idirisu ya karɓa a kan abin da bai kai rabin na farko ba. Mutari ya cire zanen da hannunsa, ya naɗe, bai waiwaya ba. Sannan neman iri. Tun da ruwan nan ya sauka kowa iri yake nema, abin da ke kasuwa kuwa jar dawar taimako ce, wadda ba ta shukuwa. Da ƙyar ya samu hatsin gida wajen wani tsoho mutumin Tirmini, wanda ya sayar masa yana hawaye. Bai cika rabin buhu ba.

Mutari ya sauka a Gafati da hantsi, ya ɗora buhun a ka, ya yanki daji. Gonakin da ya fara wucewa sun tsiro, layi-layi, ɗan kore siriri. Ya ƙara sauri. Da ya iso gonar gidansu sai ya tsaya cak.

An sare ta tas, daga wannan iyaka zuwa waccan. Dodo ya bi ta da sungumi ranar da aka yi ruwa, rami bayan rami, a jere, yadda mai zuba iri zai biyo baya ya jefa ya take da diddige. Ba wanda ya biyo baya. Ramukan na nan buɗe, iska ta fara cika su da rairayi. Mutari ya sauke kayan, ya tura hannu cikin ɗaya har wuyan hannu. Ƙasar da ɗumi, a bushe kamar toka.

Dodo na zaune a gindin gawo a bakin gonar. Bai tashi ba.

"Ka iso?"

"Na iso, Yaya. Na sayar da shi. Ga irin."

"Na ce ko kana hanya, shi ya sa na sare, don kada mu ɓata lokaci in ka zo. Mai ɗakina Barira ta tsaya a bakin hanya har rana ta faɗi. Kashegari ma haka."

Mutari ya durƙusa, kuka ya ƙwace masa, irin na ƙato, marar daɗin ji. "Ka yafe mini. A ajiye shi, Yaya. Wani ruwan zai zo, in sha Allahu, mu shuka tare. Ni ba inda za ni, ba abin da ya rage mini a birni."

Dodo ya miƙe. Ya ɗauki buhun da kansa, suka shiga gida.

Barira matar Dodo, wadda a da ba ta ganin Mutari ba ta tsokane shi ba, ta ce masa sannu da hanya, shi ke nan. 'Ya'yanta na kwance a inuwar rumbu, ba mai wasa a cikinsu, ƙaramar ko kuka ta daina. Barira ta kwance bakin buhun, ta tsoma hannu, ta ɗebo, ta kalli mijinta.

"Barira, iri ne fa," in ji Mutari. "Don Allah. Iri ne."

Ba shi take kallo ba. Dodo ya dubi sama, fara fat, ba ko tsuntsu. Ya dubi yaran. Sannan ya gyaɗa mata kai.

Ta jawo turmi ta zuba.