Hular Mista Tackett

Motar asibiti ta iso da ƙarfe biyu da kwata na rana, amma sai ta ja birki a ƙetaren layin dogo. Jirgin kaya mai tarago ɗari da ɗoriya ya gitta a hanya tun safe, unguwar kuwa ba ta da wata mashiga sai wannan.

Lorene Stidham na durƙushe a barandar maƙwabcinta, Mista Tackett, tana tallafe da kansa. Tsohon ya jiƙe sharkaf da gumi, hannu dafe da ƙirji. Ta ƙarƙashin tarago tana hango takalman ma'aikacin jinya yana kai da komo.

Shekara shida ke nan ana ja-in-ja. Gwamnatin jiha ta ce layin nata ne, kamfanin jirgi ya ce nasa ne tun kaka da kakanni. Amma da an tayar da maganar gina gadar sama, sai layin ya zama maraya. Dole mutanen unguwa suka koma rarrafe ta ƙarƙashin tarago duk sanda jirgi ya tare hanya, da kayan cefane a hannu. Ba mai shiga sai ya waiwayi barandar Mista Tackett, wanda ya yi shekara talatin da huɗu yana aikin birki a jirgi. In ya ɗaga hula, wuce. In ya kife ta a gwiwa, ko uwarka ke kira, ka tsaya.

"Madam, an hana mu shiga ƙarƙashi!" ma'aikacin ya ɗaga murya. "Mun kira kamfani!"

"Kamfanin banza! Riƙe min jakar maganin, ga ni nan zuwa!"

Ta yunƙura, tsohon ya damƙe mata gefen riga.

"Lorene, saurara."

"Ni ban ji komai ba."

"Dama tun kina yarinya kunnen ƙashi gare ki. Ƙarar iskar birki ce, sakinsa suke yi, jirgin zai motsa."

"Haba Mista Tackett, mutuwa fa kake yi!"

"Na sani, 'yata. Mutum ɗaya ya isa."

Da ƙyar ya cire hular, ya kife ta a gwiwa.

Ta tsaya a kan matakala. Minti ɗaya ya wuce, biyu suka wuce, jirgi ko motsi. Sai zuciya ta raya mata cewa ciwo ne ya rikita kunnen tsohon. Ta ruga da gudu, har ta sa gwiwa a tsakuwa ta sunkuyar da kai, sai wata ƙarar ƙarfe ta taso daga nesa, tarago na fizgar tarago, garam, garam. Ƙafar jirgin da ke daf da fuskarta ta mirgina. Lorene ta zube da baya.

Minti goma sha tara jirgin ya ɗauka yana jan jiki. Kafin motar ta ƙetaro, Mista Tackett ya cika a hannun Lorene.

Ranar Lahadi wani jirgin ya sake gittawa. Mutanen unguwa suka taru da kayan zuwa coci, kowa ya waiwayi baranda kamar yadda ya saba. Hular na nan kife a kan kujera, inda Lorene ta ajiye ta. Ba wanda ya durƙusa ya shiga ƙarƙashin tarago.