Rigar da Ba a Wankewa

"Shekara ashirin da biyu ba ta ga ruwa ba, Umma, sai yau a hannunki?"

Haka ɗana Dogo ya tsaya min a ka, ina tsugune gaban baho. To ni na sani? Jakarsa na buɗe in kwashe kayan wanki, wari ya bugi hancina, na ga wani tsumma duk jagwalgwalon biro. Na jiƙa shi da sabulu na dirje tas.

Ashe rigar ƙungiyarsu ce ta ƙwallon kwando, ta shekarar da suka ɗauki kofi, sau ɗayan nan tak tun da aka kafa ta. 'Yan wasa goma sha biyu suka sa hannu a jikinta, har da ubansa. Duk wanda aka naɗa kyaftin, ita yake sakawa a ciki kafin ya ɗora ta wasa. Watan jiya aka naɗa Dogo. Ranar Asabar kuma in aka cinye su, sun gangara rukunin ƙasa, kuma ya ce kowa zai ce rigar ce.

Na ce masa Allah ke ba da nasara, ba tsamin hammata ba. Shekara ashirin da biyu kuna sa ta ana lallasa ku, me ta tsinana? Ya ce ba ni zan shiga ɗakin canja kaya ba.

Ban ga ta zama ba. Na shanya ta, na goge, na sa a leda da biro. Kwana biyu ina bin tsofaffin 'yan wasan nan su sake sa hannu: ɗaya a garejinsa, ɗaya a kan gadon asibiti, wani sai da ya ba ni labarin wasan ƙarshe sau biyu har la'asar ta kusa kuɓuce min. Na samu goma.

Baban Dogo na bari ƙarshe. Ya sa tabarau, ya sa hannu, ya tsaya yana kallon gurbin da ya rage a gefen ƙirji. Wurin Bahago ne, amininsa, wanda ya jefa ƙwallon da ta ba su kofin. Bara ya rasu.

Na mayar masa da biron.

"Kai ka san rubutunsa. Don Allah rubuta masa, yaron nan ya samu ya ci abinci."